Tsakar Gidan da Aka Rufe

Unguwar Kusfa,
Birnin Zariya.
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwar mijina kuma ƙawata, Hajiya Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma Funtuwa lafiya, kin tarar da Alhaji da yara lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya kyautata namu zuwan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Laifin kunnenki ne. Ran nan da na kira ki sai da na ɗaga murya har matan gidan Bahago suka ji ta katanga, ke kuwa kina ta cewa in ƙara faɗa. Abin da ke raina ba na ihu ba ne. Rabona da biro tun da na yi ritaya daga koyarwa, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Masu zaman makoki duk sun watse. Daga ni sai auta Ibtisam, ita ma da safe take ficewa makaranta can unguwar Kongo, sai dab da magariba take dawowa. Ni kuma ga takaba, ko zaure ba na leƙawa. To, yanzu ne na san gidan da ɗanki ya gina mana. Ke kin gan shi cike da mutane suna ta yaba tayil suna sa albarka. Ba ki gan shi da rana tsaka an ɗauke wuta ba.

A gidan nan aka haife ki, ba sai na tuna miki tsakar gidanmu ba, amma bari in tuna wa kaina. Rijiya a tsakiya, lemon tsami a gefenta, ƙasa a share a yayyafa mata ruwa. In kin ɗaga kai ga kan rimin bayan masallaci, shirwa na kewaya shi. Malam bai taɓa duba agogo don la'asar ba. Da inuwar katangar yamma ta taɓa bakin rijiya sai ya ce a miƙo buta. Yau duk wannan ya zama falo. Tun daminar da Malam ya zame a taɓo ya karye a ƙugu, ɗanki ya taso daga Abuja da magina. Aka sare lemon, aka rufe rijiya aka sa mata inji, aka shimfiɗa tayil, aka ɗora kwano daga katanga zuwa katanga, aka yi sili fari fat. Ban ce ba don Allah ya yi ba. Kowa ya san tausayinmu ne ya sa shi.

Abin da bai tuna ba, gidajen cikin birni bayansu manne yake da na maƙwabta. Ɗakunanmu ba su da taga ta waje, ba kuma za su taɓa yi ba, sai dai in matan wani za a leƙa. Haskenmu da iskarmu duk daga tsakar gida suke zuwa. Yau in na buɗe tagar ɗakina, bayan kujera nake gani. In an ɗauke wuta, da fitilar waya nake neman takalmina, alhali a waje rana ce tarwai. Da can ban damu sosai ba, don ina fita biki, ina zuwa suna, ina raka Malam asibiti. Yanzu da aka ce zauna, na zauna, sai na ji gidan ya danne ni.

Wuri ɗaya ya rage mini. Kin san lungun nan na bayan kicin, inda rariya ke fita? Magina sun bar shi a buɗe, tsawonsa bai fi tabarma ba. Lallen da Malam ya dasa mini shekarar da aka kawo ni yana nan a ciki, ya ƙi mutuwa. Rana takan leƙo daga hantsi zuwa kusan azahar. Nan nake shimfiɗa buhu in zauna da carbina, in miƙe ƙafa, in ga sama, ko da siririya ce.

Jiya Ibtisam ta zo mini da albishir, har tana rawa. Wai yayanta ya ji ina zama cikin duhu, saboda haka zai sa mana sola. Batura kuma a lungun za a jera su, a yi daɓen siminti, a rufe sama da kwano.

Hassana, ke kika ɗauke shi tun ranar da aka yaye shi, ke kika raine shi. Kin san ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa yi ko bari ba, shi ma Malama yake ce mini kamar ɗalibaina. Abin da nake so daga gare shi, Malam ne bakina. Ga shi bakin nawa yana kwance a maƙabarta.

Ba cewa na yi ki yi wani abu ba. Labari kawai na ba ki. Ki gaida Alhaji da yara, ki daina hawa bene da ƙafar nan.

Wassalam. Taki,
Sailuba.


Unguwar Kusfa,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Hajiya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Direba ya kawo dakan kunun da kika aiko, Allah Ya saka da alheri. Yajin ya yi yawa, kamar yadda kika saba.

Yanzu ki gaya mini gaskiya don Allah, me kika ce wa yaron nan?

Ranar Asabar ya iso da mota cike da kaya. Kafin azahar an manna wata takarda mai hoto a katangar falo tun daga sili har ƙasa. Ruwa ne ke gangarowa daga kan dutse, ga dabino, ga wasu tsuntsaye da ban taɓa ganin irinsu a ƙasar Zazzau ba. Aka jera tukwanen furannin roba a kowace kusurwa. Aka shimfiɗa koren kafet mai kama da ciyawa. Har da agogon bango mai kiran salla da kansa. Ibtisam ta ce wai ke kika ce masa ina kewar ganin kore. Kore, Hassana! Shekarunki a duniya, abin da kika iya faɗa ke nan?

Da suka gama ya zo bakin ƙofata ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango, yadda aka saba. Ya ce wa Ibtisam ta tambayi Malama ko abin ya yi. Muryarsa irin ta yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa gida. Me zan ce? Na ce Allah Ya yi albarka. Ya tashi da murnarsa ya kama hanyar Abuja.

Jiya na idar da sallar walha, hankalina na wani wuri, sai ga ni da buta ina ba furen roba ruwa. Ruwan ya malale a kan tayil. Ibtisam ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya ta. Da ta fita na zauna a kan ciyawar tasu na yi kuka mai isata.

Akwai abin da ban gaya miki ba lokacin makoki, don mutane sun yi yawa. A watanninsa na ƙarshe, da Malam ya daina tashi, kullum tambayarsa ɗaya ce, wai rana ta kai ina. Ga agogo a hannunsa, ga wani a bango. Sai in lallaɓa in je lungu in ɗaga kai, in dawo in ce masa ta hau kan lalle, ko ta sauka daga katangar Bahago. Sai ya gyaɗa kai ya rufe ido. Na taɓa ce masa ya yi wa yaron magana a buɗe ko da kwano ɗaya ne ta saitin ƙofarsa. Ya ce in bari tukuna, yaro ya zuba ƙarfinsa, kada a karya masa zuciya, in ya samu sauƙi zai faɗa masa cikin hikima. Sauƙin bai zo ba. Yayanki ya bar duniya yana kallon sili.

Za ki ce ga Ibtisam, ta faɗa masa mana. Ta gwada, ba don ranta ya so ba, don ita gidan ya yi mata daidai, sanyin esi take dawowa ta sha bayan ta gama shan iskar duniya. Ta ce masa Malama na son lungunta. Ya ce ai da kunnensa ya ji na sa albarka, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta da abin yi a bakin rariya, sauro ne kawai. Ya ƙara da cewa ta kama karatunta.

An riga an kawo kwanon da za a rufe lungun. Yana jingine a zaure, in iska ta taso ina jin ƙararsa daga ɗaki.

Wancan karon na ce labari kawai na ba ki. Yau na ajiye girman kai. Ki kira ɗanki, ki faɗa masa da Hausar da zai gane, a bar mini lungun nan. Ban ce a rushe komai ba. Hoton ma a bar shi, na fara sabawa da tsuntsayen.

Allah Ya bar zumunci. Ki gaida 'yarki Salma, ki ce na ji labarin haihuwar, Allah Ya raya.

Taki,
Sailuba.


Unguwar Kusfa,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Hassana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gaisuwar tawa gajeriya ce yau, don haushinki nake ji.

Takardarki ta iso. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa na karanta, ko zan ga wani abu daban. Wai kin yi magana sau ɗaya an kawo furen roba, in kin sake ba ki san abin da za a kawo ba. Wai ke goggo ce, ni ce uwa, in buɗe bakina. Sannu da wa'azi. Kin manta ke ce kika tsaya a kaina ranar suna kina ce mini in sunkuyar da kai, kada dangi su ga ina kallon jariri su ce ba ni da kunya? Innata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban yayanmu ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Haka muka taso muka gani. Ni ban ɗauke shi laifi ba, har yau ban ɗauka ba. Lokacin da nake koyarwa na taɓa samun ɗalibi mai sunan, shekara guda cur ina ce masa mai sunan ɗan Hassana, har 'yan aji suka laƙaba masa. Yanzu da furfurata za ki ce in juya harshe?

Duk da haka na gwada, kada ki ce ban ji maganarki ba. Na zauna a lungu ni kaɗai, ba kowa sai ƙadangare, na buɗe baki. Harafin farko na sunan ya fito, sauran ya ƙi. Ƙadangaren ya gyaɗa mini kai ya tafi abinsa.

Ruwan farko ya sauka ranar Lahadi da la'asar. Ban san hadari ya haɗu ba. Ina zaune a falo ina jan carbi, sai na ji kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Kin san yadda muke yi da, a guje a kwashe shanya, a tara bokitai a bakin indararo, yara su tuɓe, Malam ya fito ba hula ya bar ɗigon farko ya taɓa kansa yana addu'a. Ni ranar ƙara kawai na samu. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Na bi bango a hankali, don tayil ɗin nan ba ya yafe wa tsoho. Kafin in ratsa falo in wuce kicin in zare sakata, ruwan ya ɗauke. Na tarar da lalle yana ɗiga, ƙasa na ƙamshi. Na tsuguna na dangwali jiƙaƙƙiyar ƙasar na shafa a goshi. Wallahi Hassana, na ji kamar an yi biki a gidana ba a gayyace ni ba.

Ko watan takabar nan ban ga tsayuwarsa da idona ba. Benen da aka yi a yamma da mu ya tare. Ibtisam ce ke duba waya ta ce mini wata ya kama, in ce to.

Jiya kafinta ya zo awo, wani Sadiƙu, mai ladabi, ya yi mini ta'aziyya daga bayan labule. Na koma ɗaki na ba shi wuri. Da ya tafi na tarar ya karya reshe guda. Ya bar sallahu wai lallen sai an tumɓuke shi, don daɓe ba zai zauna a kan saiwa ba. Ni kuwa da ganyensa na yi niyyar ƙunshi ranar da zan fita takaba. Malam ne ya dasa, na so a ce da shi zan sallame shi.

Ranar Asabar za su zo, ɗanki zai kwana a gari don ya tsaya a kan aikin da kansa. Ba zan iya fita in bar gidan ba, ba zan iya hanawa ba, ke kuma kin nannaɗe hannu. Na gaji, Hassana. Abinci ma ba ya shiga. In kin ji an ce Sailuba ta zama furen roba, ki zo ki riƙa goge mini ƙura.

Ki yafe mini zafin bakina. Ba ni da wanda zan yi wa sai ke.

Taki ko da kin ƙi,
Sailuba.


Unguwar Kusfa,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yar'uwata Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa ta gaske, ta yau da ta ran nan da na rage. Yaya ƙafa, yaya Alhaji, yaya mai jego da jaririnta? Ni ina nan da mura, za ki ji dalili.

Na gano aikinki. Ibtisam ba ta taɓa zuwa makaranta ranar Asabar ba, sai jiya ta saɓa jaka tun da sassafe wai suna da darasi. Da ta dawo na matsa mata, ta ce Goggo ce ta kira ta ta ce ta ɓace daga gidan. Allah Ya shirye ki.

Ga yadda aka yi. Da hantsi na ɗauki tabarma da carbi na shiga lungu na zauna a gindin lalle. Ban shirya komai ba, na dai ce in yi sallama da wurin. Sadiƙu ya yi sallama da kayan aikinsa, ya hango ni, ya koma zaure. Wa zai ce wa mai takaba ta tashi? Can sai ga ɗanki, cikin farar shadda. Ya durƙusa a bakin lungu ya gaishe ni, na amsa ina kallon rariya. Ya waiga neman Ibtisam, babu ita. Sai ya juya yana yi wa ƙofar kicin magana, wai hadari ya taso daga gabas, da Malama ta koma ciki a fara aiki kafin ruwa. Ƙofa ba ta amsa ba, ni ma haka.

Iska ta kaɗa, lalle ya rusuna, ƙamshin nan ya cika lungu. Ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu, na biyu a goshi. Na ɗaga fuska na rufe ido. Sai na ji ɗif, ruwa ya daina taɓa ni, ƙarar nan da na tsana ta dawo a saman kaina. Na buɗe ido. Ashe da gudu ya je zaure ya ɗauko fallen kwano, ya ɗaga shi da hannu biyu ya yi mini rumfa, shi yana jiƙewa.

Hassana, ban san lokacin da ya fito ba. Sunan gaba ɗayansa, da muryar da nake kiran 'yan bayan aji. Na ce ya ɗauke mini abin nan daga kaina. Tunda kuma bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na gaya masa ruwa nake so ya dake ni. Na gaya masa tagata bayan kujera take kallo. Na gaya masa tambayar da mahaifinsa ya yi ta yi har ya cika. Wannan ta ƙarshen na so a ce na riƙe ta, don na ga yadda ta shige shi.

Ya jingine kwanon a hankali. Ya zauna daɓas a bakin rariya, da shaddarsa da komai. Ruwa na ta zuba a kanmu. Sannan ya yi magana, kuma ni ya yi wa, ba ƙofa ba. Ya ce lokacin da kike kawo shi hutu yana ƙarami, akwai ranar da ya tsaya a bakin shigifa yana kallona ina girki a tsakar gida cikin ruwan sama, faranti a kaina, ina hura jiƙaƙƙen itace hayaƙi na shiga idona. Ya ce ya daɗe a tsaye ban waigo ba. Tun ranar ya yi wa kansa alkawari in ya girma ruwa ba zai ƙara taɓa ni ba.

Na san ranar. Na san yana tsaye, har rigar da ke jikinsa zan iya gaya miki launinta. Na faɗa masa launin. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

A nan na dube shi sosai, irin kallon da ban yi masa ba tun yana cikin zanen goyo. Kunnuwan Malam ne sak. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu, ke kuma ba ki taɓa gaya mini ba.

An sallami masu aiki. Batura za su zauna a shigifa. Lalle na nan, sai reshen da aka karya. Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Falo na nan a rufe, ruwan hoto na ta gangarowa ba ya jiƙa kowa, takaba da saura, kuma yanzu haka da nake rubutu an ɗauke wuta, a bakin lungu nake zaune. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban roƙa ba. Amma bai koma Abuja yau ba. Tun safe ya naɗe kafet ɗin ciyawa, shi da Sadiƙu suna ta ɗaga kai suna kallon sili, suna maganar inda ruwa zai bi ya fita in an buɗe tsakiya. Ina jin sa yana ƙwanƙwasa tayil da dunduniya, yana neman inda bakin rijiya yake.

Har gobe ɗanki ne, ban zo ƙwace ba. Ki dai yi haƙuri mu raba. Ki shirya zuwa fitar takaba, ke za ki ƙunsa mini lallen, in hannunki bai manta ba.

Bari in ajiye biro haka. Inda yake ƙwanƙwasawa ba nan ba ne, ya yi gabas da yawa, kuma ba wanda zan aika. Zan je in nuna masa da kaina.

Wassalam. Ni ce taki,
Sailuba, mahaifiyar Nasrullahi.